Shekarar da Zoɓon Toranke Ya Hau Jirgin Ƙasa

A gidanmu na Toranke, yakuwa ba ta taɓa samun gona tata ta kanta ba sai da na girma. A gefe ake shuka ta, a bi da ita kan iyaka, ta raba geronmu da na maƙwabta. Gona ta Baba ce, amma duk abin da ya tsiro a kan iyakar na Inna ne. Da damina ta tsinko ganyen ta yi mana fate, da kaka kuma, idan kawunan suka yi jawur, sai ta tara mu 'yan mata a ƙarƙashin rumfa mu yi ta ɓara. Jan ɓawon shi ne zoɓo, a ware shi gefe guda. Ƙwallon cikin kuma a shanya shi ya fashe, a sami gurguzun da za a yi daddawar batso. Aiki ne mai ƙaiƙayi, kuma yatsun mutum sai su rine kamar ya ƙunsa lalle. Idan an yi suna ko walima a unguwa, a wurin Inna ake zuwa neman zoɓon da za a jiƙa. Abin da ya ragu ta aika kasuwar Ajingi, ta sayo gishiri da sabulu. Iyakar abin da muka san zoɓo yana yi ke nan.

Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, na riga na yi aure a Gaya, ina koyarwa a makarantar firamare. Yayanmu, babban ɗan Inna, acaɓa yake yi tsakanin Ajingi da Gaya. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunansa, kuma ba ta cika yi masa magana ido da ido ba. Ko yana zaune a gabanta, sai ta dube ni ta ce, "Faɗa wa yayanki kaza." Mun saba da haka tun muna yara, shi ma a wurina yake ajiye amsa.

Yaya ne ya fara lura cewa buhunan da yake ɗauka ran kasuwa sun canza. Da gero ne da wake, sai ga zoɓo yana ƙaruwa, buhu ƙato amma ba nauyi. Ya bi masu sayen har kasuwar Dawanau a Kano, ya dawo yana ba mu labari cewa zoɓon nan ba a Kano yake tsayawa ba. Tsince shi ake yi, a sake zuba shi a wasu buhuna, a kai shi Legas, a sa shi a jirgin ruwa. Baba ya yi dariya ya ce wane ne zai biya kuɗin jirgi saboda abin da ake shukawa a kan iyaka. Yaya bai yi gardama ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi sikeli, ya fara bin ƙauyuka yana tara zoɓo.

Ya yi shekaru yana kai wa dillalai, sannan ya haɗu da wani Alhaji mai fitar da kaya waje. Alhajin ya ce masa idan zai iya cika mota guda da kaya mai kyau ya kai har bakin teku, za a saya daga hannunsa kai tsaye. Yaya ya shiga Kademi, ya shiga Toranke da ƙauyukan da ke kewaye, ya tara kaya har tirela ta cika. Ranar da ta tashi daga Gaya, rabin unguwarmu sun fito kallo. Ya hau gaba kusa da direba, da sabuwar hula, yana ɗaga mana hannu.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Motar ta lalace a hanya, aka yi ta jiran kayan gyara. Da suka isa kudu, suka tarar da layin manyan motoci da ba a ganin ƙarshensa, kowa yana jiran shiga tashar jiragen ruwa. Can kuwa ruwa ba ya jiran damina irin tamu. Aka yi ta sheƙa shi a kansu, tamfol ɗin da aka rufe kayan ya yage ta gefe, ruwa ya shiga. Kafin layi ya zo kansu jirgin da aka yi wa alkawari ya tashi, da aka buɗe buhuna kuma sai aka ga fumfuna ta hau. Jan nan ya koma baƙi. Masu saye suka ce ba za su ɗauka ba.

Yaya ya dawo ya rame, ya daina fita majalisa. A gari ana ta magana, wasu na tausaya masa, wasu na cewa dama ɗan acaɓa ina shi ina harkar jirgin ruwa. Na je Toranke ran Juma'a na same shi zaune a zaure shi da Baba. Inna ta kawo fura ta ajiye, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce da ni, "Tambayi yayanki, zoɓon ne ba shi da kyau, ko hanyar ce?"

Yaya ya ce, "Ki ce mata hanyar ce. Amma ko da bai jiƙe ba, sun ce akwai ƙasa da tsinkaye a ciki, da sai sun rage masa daraja."

Inna ta ce, "To, abu biyu ne ke nan. Ɗaya namu, ɗaya ba namu ba."

A nan ne Baba ya yi maganar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce shi yana yaro, mahaifinsa da jakuna yake kai gyaɗa Kano. Su bi ta Wudil, su haye kogi, su sauke a inda ake tara buhuna kusa da layin dogo. Daga nan ba ruwan kowa da hanya. Jirgin ƙasa ne zai kwashe ta a cikin taragu rufaffu har bakin teku. Ya ce, "Ban taɓa jin an ce ruwa ya doki gyaɗar mahaifina a hanya ba. Ku ne kuka zo zamanin da komai sai a bayan mota."

Yaya ya ce ai jirgin ya daɗe da daina aikin kirki. Baba ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa.

Bayan damina ta wuce, Alhajin nan ya sake kiran Yaya. Ni kaina na yi mamaki, don na ɗauka ya watsar da shi. Ya ce an fara dawo da jigilar kaya ta jirgin ƙasa daga Kano, kuma yanzu akwai tasha a nan tudu da ake loda kwantena, a duba ta, a rufe ta tun daga Kano, ba mai sake buɗewa sai ta haye teku. Ya ce zai ba Yaya dama ta biyu, amma da sharaɗi: kaya su zo tsaf, ba yashi, ba kara, ba danshi. Idan mai duba kaya ta ga abin da bai yi mata ba, ko buhu ɗaya ba za a ɗora ba.

Yaya ya zo gidana a Gaya ya faɗa mini, yana ta juya hula a hannu. Ya ce ba ya jin zai iya, don ba shi da iko da yadda kowace mace take shanya zoɓonta a cikin gidanta. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. Na ce mu je mu faɗa wa Inna.

Ta saurara har muka gama. Sannan ta ce, "Faɗa wa yayanki ya nemo tabarmi da manyan ledoji masu yawa. Cikin gida ya bar mini."

Abin da Inna ta yi a wannan kakar, har yau idan na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma. Mace ce da ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe wata ƙungiya ba, amma babu gidan da ba ta shiga ba a Toranke. Ta ɗauki mayafi da sandarta, tun da safe, gida gida. Ta hau babur ta je Kademi wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce ta tara mata matan unguwarsu. Abin da take faɗa ko'ina ɗaya ne. Kada a yanke kai sai ya nuna sosai. Kada a shanya a ƙasa, sai a kan tabarma ko leda. A kori awaki da kaji. A kwashe kafin raɓa. Kada wadda ta yayyafa ruwa don ya ƙara nauyi. Idan ya bushe a sheƙe shi a faifai, a bi shi da hannu a tsince. Wasu suka ce wannan wahala ta yi yawa a kan zoɓo. Inna ta ce wadda ba za ta iya ba ta kai nata kasuwa kamar kullum, ba wanda zai ji haushinta.

Tsakar gidanmu ya koma wurin tsinta. Duk ranar da ba makaranta nakan zo in tarar da mata zaune a da'ira, faya-fayai a cinya, ana hira ana aiki, ja ya cika ko'ina har kan katanga. Kowane buhu sai Inna ta zura hannu har ƙasansa kafin a ɗinke.

A nan aka sami ɓacin rai ɗaya da ba zan manta ba. Akwai wata maƙwabciyarmu, aminiyar Inna tun suna amare, wadda muke kira Iya. Ita ta yi wa Inna wankan jego a haihuwarmu duka. Ta kawo buhunta, Inna ta zura hannu, ta fito da shi da yashi a tafinta.

Inna ta ce, "Wannan a ƙasa aka shanya."

Iya ta ce, "Tabarmar ce ta yi kaɗan, na ɗan baza ragowar a gefe. Ɗan wannan ne zai hana jirgi tashi?"

"Zai hana."

"Yanzu ni za ki mayar wa kaya a gaban yaran nan?"

Inna ta ce, "Da na wata ne ma da na fi jin sauƙin mayarwa. Naki ne, shi ya sa ba zan rufe ido ba. Idan na karɓa, gobe da wane baki zan hana wata?"

Iya ta sa jikarta ta ɗauki buhun, ta fice ko sallama babu. Na ga idon Inna ya kawo ruwa, amma ta sunkuya ta ci gaba da aiki. Washegari da hantsi ta ɗauki rariya da faifanta ta shiga gidan Iya. Na bi ta don ina tsoron a yi faɗa. Ta yi sallama, ba a amsa da daɗi ba. Ta nemi wuri ta zauna, ta kwance bakin buhun da kanta, ta fara tankaɗe yashin. Iya tana daga ɗaki tana leƙe. Can ta fito ta ce, "Ba haka ake riƙe rariyata ba, kawo," alhali rariyar ta Inna ce. Suka zauna su biyu har azahar. Buhun Iya ya shiga cikin kayan, kuma daga ranar ita ta koma mai duba na matan unguwar gabas, ta ma fi Inna tsanani.

Da kaya suka haɗu, aka loda su a mota zuwa Kano. Ana gobe za a tafi Inna ta ce da ni, "Faɗa wa yayanki da ni za a je."

Yaya ya ce wurin ba na mata ba ne, ƙura ce da manyan motoci. Inna ta ce matan gari sun ba ta amanar guminsu, ba za ta zauna a gida a zo a ba ta labari ba. Baba ya ce a ƙyale ta. Na nemi izini a makaranta na raka ta. Muka hau a-daidaita-sahu zuwa Gaya, daga nan muka shiga mota ta Wudil. Inna ta sha zuwa Kano asibiti da biki, amma ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba.

Tashar fili ne babba, kwantenoni jere kamar ɗakuna, wasu a kan wasu. Aka sauke buhunanmu a wani sito. Mai duba kayan wata matashiya ce, ba ta kai ni shekaru ba, da hijabi da safar hannu. Ta gaida Inna har ƙasa, ta ce, "Sannu da hanya, Mama." Sannan ta koma aikinta ba wasa. Ba ta bi buhunan a jere ba, sai ta nuna na tsakiya, ta nuna na can ƙarshe, a farke a zazzage a kan tebur. Ta baza, ta shinshina, ta murza a hannu, ta tura wani ɗan ƙarfe mai auna danshi. Yaya yana tsaye gumi yana bin wuyansa. Inna kuwa ta harɗe hannu tana kallo, kamar mai jiran a gama ɗanɗana miyarta.

Da ta gama, matashiyar ta cire safar hannu ta ce, "Wa ya tsince wannan?"

Yaya ya nuna Inna. Inna ta ce, "Ba ni kaɗai ba ce. Matan Toranke ne da na Kademi."

Ta ce, "To, Mama, ki gaya musu kayansu sun wuce. Ba sai an sake tsincewa a nan ba."

Yaya ya juya baya ya yi kamar yana gyara hula. Ni na san abin da yake ɓoyewa.

Inna ta ce tana da tambaya. Su wane ne masu shan zoɓon nan, har da za a ɗauke shi daga Ajingi a kai musu? Matashiyar ta kai mu ofishinta, inda taswirar duniya take manne a bango. Ni da nake koya wa yara taswira, ban taɓa kallonta da idon da na kalle ta ranar ba. Ta ɗora yatsa a Kano, ta gangaro da shi zuwa Legas, ta ce nan jirgin ƙasa zai kai. Ta ja shi ya haye tekun Atilantika zuwa wata ƙasa da ake kira Meziko, ta ce yawancin zoɓonmu can yake zuwa, kuma suna shan sa kamar yadda muke sha. Sannan ta nuna inda ƙasar ta tsuke ta yi siriri, teku a dama, teku a hagu. Ta ce a nan ma sun shimfiɗa layin dogo daga wannan bakin teku zuwa wancan, don kaya su sauka daga jirgin ruwa, su haye tudu a kan tarago, su sami wani jirgin ruwan a ɗaya gefen ba tare da an yi dogon zagaye ba. Ta ce garuruwan da ke kan layin, da ba kowa ya san da su ba, yanzu suna ganin baƙi da kasuwa.

Inna ta daɗe tana kallon bangon. Sai ta ce, "Su ma suna sa citta da kanumfari?"

Matashiyar ta yi dariya ta ce ba ta sani ba, amma za ta tambaya. Inna ta ce, "Ki tambaya. Idan ba sa sawa ki ce su gwada."

Aka loda buhunan a kwantena a gabanmu, aka rufe ƙofa, aka ɗaure ta da wani ɗan ƙarfe mai lamba. Wata babbar mota mai ƙugiya ta ɗaga ta sama kamar ba komai, ta ɗora a kan tarago. Muka yi ta jira jirgi ya tashi, bai tashi ba. Aka ce sai an gama haɗa sauran kaya, wataƙila gobe. Yaya ya ce mu koma gida, ai aiki ya ƙare. Inna ta ce ba ta ga ya ƙare ba. Muka sauka a gidan wata 'yar uwarta a cikin gari, da safe muka dawo.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu ji ƙarar. Kan jirgin ya taho a hankali, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya yi wata irin kuwwa da ta sa Inna ta damƙe hannuna ta yi salati. Aka haɗa shi da taragu, suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya. Da ya fara ja, Inna ta saki hannuna ta matsa gaba har wani ma'aikaci ya ce, "Hajiya, a ɗan ja baya." Kwantenarmu shuɗiya ce, ta gane ta tun daga nesa. Da ta zo wucewa ta gabanmu sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya kai ki lafiya. Allah ya sa masu sha su sha da lafiya." Ta tsaya har jirgin ya shige bayan gidaje.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka haye gadar Wudil. Sannan Inna ta ce da ni, a hankali, amma yadda na gaba zai ji, "Faɗa wa yayanki ya yi ƙoƙari." Yaya yana kujerar gaba. Bai juyo ba, sai na ga ya sunkuyar da kai.

Kayan sun isa bakin teku a bushe, sun sami jirginsu. Bayan wasu watanni Alhajin ya turo wa Yaya wani ɗan bidiyo da masu sayen suka aiko. Wani wurin cin abinci ne a gefen titi, da manyan tuluna na gilashi cike da jan ruwa da ƙanƙara, wata mata tana ɗiba da ludayi tana zuba wa mutane a kofi. Ba wanda zai iya rantsewa cewa namu ne a cikin tulun, Yaya ma ya faɗi haka. Matan Toranke ba su damu ba. Suka cika tsakar gidanmu, waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, ana ta a sake kunnawa. Iya ta ce launin nan ba na kowa ba ne sai na unguwar gabas. Gwaggo da ta zo daga Kademi ta ce sun tsinka shi da yawa, ya yi ruwa-ruwa. Aka yi ta dariya.

Daga wannan shekarar abubuwa suka fara sauyawa a yankinmu, ba a rana ɗaya ba. A kasuwar Gaya, inda da masu zoɓo ke raɓewa a bayan 'yan hatsi, yanzu suna da layinsu. Samari sun buɗe sito-sito a bakin titi. Masu saye da da sai an bi su Kano, yanzu su suke zuwa, suna tambayar kayan da matan Toranke suka tsince. Masu riɗi suka ga abin da ya faru, su ma suka fara gyara nasu. 'Yan mata da yawa a ajina da kuɗin tsintar iyayensu aka ɗinka musu kayan makaranta, ni na sani don iyayen da bakinsu suke faɗa mini.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Matan da ke sayar da zoɓon sha a ƙofar makaranta sun yi ta ƙorafi cewa ya yi tsada, sai sun nemi karyayyen da aka tsince aka bari. Wasu magidanta suka mayar da gonakin gero na zoɓo gaba ɗaya, shekarar da farashi ya faɗi suka ji jiki. Baba ya ba Inna gona guda ta shuka yakuwa daga wannan gefe zuwa wancan, amma ya ce sauran na gero da dawa ne, ba wanda zai taɓa masa su, don ba a tuƙa tuwo da zoɓo. Jirgin ma ba kullum yake aiki ba. Akwai shekarar da aka ce an dakatar, dole aka koma bayan mota, Yaya ya sayi tamfol biyu ya bi kayan da kansa yana addu'a. Sun isa, amma ya ce duk wanda ya taɓa ganin an rufe kwantena a Kano ba zai so ya sake bin wannan hanya ba.

Yanzu kuma ga sabon layi ana yi, wanda zai taso daga Kano ya ratsa ta wajen Gaya ya nufi Dutse. Idan na fita bayan gari ina ganin tudun jar ƙasa da aka tara ya miƙe ɗoɗar, da manyan motoci suna daddaɓe shi. An ce ɗaya reshen zai kai har Maraɗi. A majalisar mijina har gardama ake yi, wasu na cewa wata rana sai ya ratsa sahara ya kai tekun da ke arewa, ta yadda kaya za su iya fita ta kudu ko ta arewa, duk inda kasuwa ta fi. Wasu na cewa a bari a ga an gama na Dutse tukuna. Ni ban san gaskiyar wannan ba, ban kuma san ko za mu ga ranar ba.

Inna ba ta shiga gardamar. Ta tsufa, gwiwa tana damunta, Iya ce yanzu ke yawon gidaje. Amma da ta ji an ce za a yi tasha a kusa da Gaya, ta sa Yaya ya yi ta bincike har ya gano wajen da ake sa ran za a gina ta. Matan suka haɗa hannu suka sami ɗan fili ba nisa da wurin, don su gina sito nasu na kansu. Watan da ya wuce ni da Yaya muka kai ta a a-daidaita-sahu ta ga aikin. An kai ginin iya ƙugu. Maginin ya zo ya gaishe ta, ya nuna mata inda ya bar ƙofa. Ta auna da ido, ta girgiza kai.

Ya ce, "Hajiya, ai wannan mutum biyu ma za su wuce da buhu."

Ta ce, "Ba mutum nake so ya wuce ba, ɗana. Rushe wannan gefen. Mota za ta shigo da baya har ciki, a loda a inuwa."

Ya dubi Yaya, Yaya ya ce a yi yadda ta ce. Muna tsaye ya ɗauko guduma ya fara cire bulon.